Igiyar Kwabban Japan

Dukawuya, Kano
Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata 'Yardada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki, da duk mutanen Funtuwa. Yaya ƙafar taki? In har yanzu man nan na 'yan tasha kike shafawa, ki daina, kananzir ne da barkono. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah, in ban da ɗanki Mikail.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban zauna a aji ba, a jikin dilar gwanjo na fara gane baƙaƙen boko, matata Nana Hauwa ta ƙarasa min sauran. Amma gara wannan da waya. Ba zan yi maganar gidanmu a cikin abin da ɗanki ya fi ni sanin cikinsa ba.

Kin tuna shekarar da soja suka sauya wa naira launi, aka rufe boda, mutane suka wuni a layin banki da kuɗi a buhu? A shekarar nan kaya suka yanke mana a Ƙofar Wambai. Da ƙyar muka sami dila ɗaya, ni da Ɗalha, lokacin muna rumfa ɗaya. A aljihun wata 'yar kwat na ci karo da kwabo ruwan ɗorawa mai huji a tsakiya, da zangarniyar shinkafa a jikinsa. Rabona da ganin kuɗi mai huji tun da aka ɗauke mana kwabo da anini. Na kai wa wani Bakware, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, a kanti, ya juya shi ya ce na Japan ne, kuma ko ashana ba zai saya ba. Na ce ai ba ashana na zo saye ba.

Kin san yadda sana'ar take, kafin a wanke kaya a goge sai an bi aljihu ɗaya bayan ɗaya. Ɗalha takarda yake lalube, ko zai dace da dala. In ya ji tsaba sai ya ciro, ya duba gaba da baya, ya ja tsaki ya wurgar. Ni nake tsincewa. Na Ingila da na Amurka na ba yaran layi sun yi wasa sun watsar. Na Japan na riƙe, saboda hujin. Kada ki ɗauka wani kuɗin kirki ne. Akwai wani fari ƙarami a cikinsu da bai kai nauyin ɓawon gyaɗa ba, in kika ɗora shi a hankali a kan ruwa sai ya yi ta yawo bai nutse ba. Ƙasar da take ƙera mota, kuɗinta ya kasa nutsewa a kwano!

Marasa hujin na zuba su a kumbon Nana Hauwa. Masu hujin kuwa su ne a igiyar fatar nan da kika sani. Duk abin da ya faru a gidanmu ko a unguwa, kwabon da na tsinta a makon shi ne nasa, in yi masa alama in zura shi bayan na baya. Na gobarar layin 'yan katifa na kara shi a hayaƙin wurin ya yi baƙi. Na ruwan da ya kayar da katangar masallacinmu ya kwana a laka ya yi kore. Na haihuwar 'yata Lami na tsoma shi a baban rini. Na aurenki yana da ɗigon shuɗin fentin akwatinki, wanda kika yi kuka kika ce kin fi son ja. Na Nana Hauwa, Allah Ya jiƙanta, shi kaɗai ne ban yi wa alama da hannuna ba. Ɗalha ne ya kawo mata shi ranar da ya zo dubiya, yana tsokanarta wai ga kuɗin magani. Shi ta riƙe tana murzawa duk jinyar nan, hannunta da man zafi, har wurin babban yatsanta ya yi duhu a jikinsa.

Shi ya sa in aka yi gardama a Dukawuya, wa ya girmi wa, wace shekara aka ja famfo, ni Mai Unguwa yake aiko wa. In ja igiyata in faɗa, a tashi.

To, ɗanki ya gan ta. Na ba shi ɗaki a gidana, na ba shi abinci, shi kuma ya ɗauki hoton igiyata ya watsa a waya ban sani ba. Yanzu wai wani Injiniya Aminu daga Abuja, wanda ya yi karatu a Japan, yana son ya zo ya gani. Wai tara irin kwabban nan yake yi. Ki ji fa, ƙaton mutum mai albashi da iyali, aikinsa tara canjin da masu shi suka manta a aljihu. Mikail ya nuna min hoton nasa, kowane kwabo an sa shi a 'yar ledarsa shi kaɗai kamar baƙo a otal. Wai shekarun da ke jikinsu da sarautar sarkinsu ake ƙirgawa, wata shekarar an buga kaɗan, su ne masu tsada. Na ce masa shekarun da ke jikin nawa na Dukawuya ne, ban san wani sarki ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, yaron nan har Mandawari ya je wajen Ɗalha neman labarin yadda muka same su. Ɗalha! Mutumin da ya tashi a taron suna, gaban jama'a, ya ce ruwan masallaci ya riga gobarar 'yan katifa, ya kuma kira igiyata carbin mahaukata. Tun ranar ban taka Mandawari ba, ba kuwa zan taka ba. Yanzu ya samu mai saurare, na tabbata ya ce shi ya tsinci na farkon, shi ya haƙa hujin ma.

Ki ja wa ɗanki kunne. Ba na sayarwa. Ki gai da maigidan, ki ce ina jiran kukar da ya yi min alkawari tun bara.

Yayanki,
Isyaku

Dukawuya, Kano
Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata 'Yardada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kin tashi lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Direban ya kawo takardarki da kukar da daddawar, Allah Ya saka da alheri. Daddawar ta yi gishiri, amma an ci.

Na ga abin da kika rubuta. Ba sai kin gaya min yaro yana son aure ba, a gidana yake. Na san Ikram, na san ubanta, na san kakanta tun yana tallan alawa. Yarinya ce mai hankali, in ta zo gaishe ni har ƙasa take durƙusawa, abin da na rasa gane shi ne me ta gani a jikin mutumin da yake magana da waya ko a bakin buta. Na san kuma lefe ne ya tsaya masa, sana'ar tasa ta sayar da cajar waya ba ta haɗa akwati ɗaya. Amma kin ce wai tsofaffin ƙarafa ne nake ƙanƙamewa alhali ɗan 'yar'uwata yana cikin buƙata. Wannan maganar ba taki ba ce, na ji muryar Mikail a cikinta. Na yafe miki.

Ga abin da na yanke. Na kumbo, marasa huji, na bar masa. Ba su da suna, ba su da labari. A cikinsu akwai wasu jajaye masu hoton wani gida, tsofaffinsu gefensu da ƙananan haƙora kamar zarto. Wai waɗannan masu haƙoran Injiniyan yake haɗiyar yawu a kansu, da wasu daga cikin fararen nan masu iyo. Mikail ya buga lissafinsa a waya ya ce za su ɗauke masa rabin lefe. Ni dai ban yarda akwai mai hankalin da zai ba da kuɗin atamfa a kan haƙoran kwabo ba, amma in Allah Ya halicci irin wannan wawa, kuma Ya turo shi har zaurena, ba ni zan kore shi ba. Igiya kuwa, ya gani da ido, hannunsa a aljihu. Na faɗa wa ɗanki haka da babbar murya.

Akwai abin da zan gaya miki, kada ya wuce kunnenki. Makon jiya Mai Unguwa ya aiko, ana rigimar wani kango, ana son a san ko Malam Mamman mai awo ya rasu kafin a sayar ko bayan an sayar. Malam Mamman fa, wanda ni na riƙe ƙafarsa aka sa shi a kabari. Na buɗe baki in ba da amsa, sai na ji kaina fayau kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ɗan aiken yana tsaye yana kallona. Na yi kamar tari ya sarƙe ni, na shiga ciki na ɗauko igiya. Ina jan ta yatsana ya kai kan wani mai ɗigon kwalta, na shekarar da aka yi titin bakin layi, sai komai ya dawo, har kalar tabarmar da aka yi zaman makoki a kai. Ba wannan ne karo na farko ba. Ina zargin ƙwayoyin hawan jinin nan da Lami take tilasta min. Ba tsufa ba ne. Amma kin ga dalilin da igiyar nan ba ta barin ƙarƙashin matashina.

Injiniyan zai zo ranar Asabar bayan La'asar. Na sa ɗanki ya share zaure, ya kakkaɓe yanar gizo, ya wanke tabarmi. Yana gunaguni na ce masa a gidan nan ba a nuna wa baƙo abu da datti. Duk zamana a gwanjo ban taɓa rataye riga ban wanke ta na goge ba, ko da ta tsumma ce. Kaya in bai yi ƙyalli ba, kai ka karya kuɗinsa da kanka. Ya tsaya yana kallona, ga alama karo na farko ke nan da maganata ta shiga kansa.

Ki gai da kowa da kowa. Ki rage gishiri.

Yayanki,
Isyaku

Dukawuya, Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata 'Yardada,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya ƙafa? Mu nan da sauƙi. Na san ɗanki bai kira ki ba, ba shi da bakin kira, shi ya sa na zauna in rubuta miki da kaina.

Jiya da hantsi aka yi rasuwa a bayan layinmu, na bi jana'iza har maƙabarta. Ba na zuwa maƙabarta da igiya, na bar ta inda take kwana. Da na dawo, tun daga soro na ji ƙamshin lemon tsami. Na shigo tsakar gida na tarar da Mikail a durƙushe gaban baho, hannun riga a naɗe. Ga jiƙaƙƙiyar tsamiya a kwano, ga toka, ga soson ƙarfe. Ga babban faranti a rana, an baza kwabbai suna walƙiya kamar jeren amarya. Na kumbo da na igiya, duka, a cakuɗe. Igiyar fatar tana gefe, an yanke ta da reza. Har ya sayo sabon zaren roba kore a kasuwa, wai wancan ya tsufa yana wari.

'Yardada, murmushi yake yi. Ya ɗago yana jiran in sa masa albarka. Ya ce Kawu ai kai ka ce ba a nuna wa baƙo abu da datti. Ya ce ba sayar da na igiyar zai yi ba, so yake in Injiniya ya gani ya san kawunsa ba ƙazami ba ne. Tun safe yake dirza, yatsunsa duk sun yi fari sun yanke. Baƙin gobara sai da ya sa masa soso sau da yawa kafin ya fita, shi yake ba ni labari, yana alfahari.

Na zauna a kan turmi. Ban zage shi ba. Ni da kika sani, na nemi zagi a bakina na rasa.

Bayan La'asar Injiniyan ya zo, da mota har bakin lungu, da 'yar jaka. Siriri ne mai tabarau, ya gaishe ni da ladabi, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya zauna ya ciro farar safar hannu ya sa, kamar mai shirin fiɗa a asibiti, ya ciro gilashin nan na masu gyaran agogo. Mikail ya ajiye faranti ya yaye ƙyallen da ya rufa. Mutumin nan ya kalli farantin, ya kalli hoton da ke wayarsa, ya sake kallon farantin, sai ya saki salati kamar an gaya masa rasuwa. Ya ɗauki ɗaya mai haƙora ya kara a ido, ya ajiye. Ya ɗauki wani, ya ajiye. Ya ce an feɗe su. Wai masu tarawa fatar nan da shekaru suka yi wa ƙarfe suke saye, wanda aka dirza kuwa an kashe shi, duk jikinsa zane ne in aka duba da gilashi. Wai da ma ba wata dukiya ba ce kamar yadda Mikail ya lissafa, da dai ya sami na turmin atamfa biyu ko uku, amma yanzu ko kyauta aka ba shi ba shi da ledar da zai sa su. Ya riƙa tambaya wa ya ba mu wannan shawara, wa ya ba mu wannan shawara. Mikail ya sunkuyar da kai. Bai ce Kawu ne ba.

Abin da ya ba ni haushi, mutumin nan ya fi ni nuna baƙin ciki. Yana makokin datti, bai san dattin wa ba ne. Ya nuna min wani kwabon igiyata a hoton da ke wayarsa, mai duhu a gefe ɗaya, ya ce dubi wannan launi, Baba, irin wannan ba a samunsa da gangan. Yatsan Nana Hauwa yake nuna min, yana kiransa launi. Na ce ya sha zoɓonsa kada ya huce sanyi, hanya da nisa. Ya cire safarsa ya tafi. Allah Ya raka taki gona ban ce ba, amma ban raka shi ba.

Yau tun safe nake zaune gaban farantin. Na gane na farkon, don ya lanƙwashe tun ranar da na take shi. Na gane wani da Lami ta taɓa bugawa da dutse. Daga nan shi ke nan. Sauran duk fuska ɗaya, shinkafa ɗaya, huji ɗaya. Na ɗauki wannan in ce na aurenki ne, in ɗauki wancan in ga babu bambanci. Na rufe ido na gwada jero abubuwan da ka, daga canjin kuɗi zuwa yau, sai na riƙa faɗawa rami a tsakiya. Na Nana Hauwa na nema har rana ta take. Na shinshina su ɗaya bayan ɗaya ko man zafin ya rage. Lemon tsami kawai nake ji. Yana cikin farantin nan, a gabana, ina ta ɗaukarsa ina ajiyewa ban sani ba.

Kada ki zagi yaron. Bai ci abinci ba tun jiya, yana ɗaki kamar wanda aka yi wa duka. Zaginsa nawa ne, in na samo shi zan yi da kaina. Maganar lefe kuma, keken ɗinkin Nana Hauwa yana nan a rufe ba mai taɓawa, na ce ya kai kasuwa. Ban ce ya wanke shi ba, na faɗa masa wannan sau biyu.

Wani abu ɗaya ya tsaya min. Ranar da Ɗalha ya kawo mata kwabon nan, ya juya shi a hannu kamar yadda ya saba, ya ce ko Japanawan ma sun yi aikin ganganci a wannan, ya nuna mata wani aibi a jikinsa, suka yi dariya su biyu. Ina jin dariyar har yanzu. Aibin ne na rasa, a hoton wayar ma duhun kawai ya fito. Ko a bakin hujin ne, ko a gefe, ko a wajen shinkafar, na juya kaina ya ƙi zuwa. Duk duniya mutum ɗaya ne ya rage da ya sani, kuma shi ne babban maƙaryacin Mandawari. Kusan duk abin da ke farantin nan ta hannunsa ya bi kafin ya wurgar, kuma duk abin da ya faru yana wurin, yana surutu.

Ki gai da maigidan da yara, ki sa mu a addu'a.

Gobe da safe in na sha koko zan sa babbar rigata, Mikail ya ɗauki faranti a ka, a ƙafa, ta cikin kasuwa, kowa ya gan shi. Mandawari za mu. Ba haƙuri zan ba Ɗalha ba, kada ki soma yi min wannan fassarar, gobara ta riga ruwa ko zai mutu. Zan ajiye farantin a gabansa in ce ya fito min da na Nana Hauwa. Sannan in zauna da sabon zaren, in ce ya fara ba da labari tun daga dilar farko. Zai yi ƙarya, na sani, tun a numfashin farko zai yi. Ni kuwa ban taɓa jin ƙaryar Ɗalha gaskiyar ba ta taso min har wuya ba. Yana yi ina ƙaryata shi, yaron yana zurawa, har mu kai ƙarshe ko ɗayanmu ya faɗi.

Yayanki,
Isyaku